Tsagar da Ta Ƙi Rufewa

Fuskar Malam Suma'ila ba ta iya ɓoye magana, don haka tun daga sallamarsa a zaure ɗiyarsa Ramlatu ta san akwai abin da ya biyo shi gida. Ya shigo ya ajiye zabirarsa ta wanzanci, ya zauna a ƙofar ɗaki, ruwan da ta kawo masa ma bai kalla ba.

Shekara arba'in yana wanzanci a cikin Birni. Shi ne wanzamin gidan Hajja Kaltuma, kamar yadda mahaifinsa ya yi wa mutanen gidan aiki kafin shi. Da hannunsa ya yi wa ɗanta Kassim askin suna, shi kuma ya yi masa kaciya. Yau ga Kassim ɗin ya girma, ya zama malamin gona a Dakusa, kuma duk 'yan matan Damagaram bai ga wadda ta yi masa ba sai ɗiyar wanzamin gidansu.

Shekara biyu cur Hajja Kaltuma tana cewa a kai kasuwa. Su jinin Barno ne, in ji ta, kakanninsu da raƙuma suka shigo garin nan, ina su ina ɗiyar mai aska? Sai Kassim ya tafi Maroko, aka ce sitaji ne, ƙaro ilimin aiki na wata huɗu. Ya dawo a rame, kuma ba a yi wata biyu ba Hajja ta sauko da kanta, ta aiko manya, har ita ce mai gaggawar a sa rana.

Ramlatu ba ta tambayi dalili ba. Wanda ya yi shekara biyu yana kuka aka ce masa ga abin da yake so, ina ya ga ta tambaya? Gwaggo Hadiza ce kawai, ƙanwar Malam da ta riƙe Ramlatu tun rasuwar mahaifiyarta, ta taɓe baki ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ba wanda ya saurare ta, don kowa ya san ɗanta Abdulmumin take yi wa yaƙi.

"Ramlatu, zauna," in ji Malam Suma'ila. "Hadiza, ke ma matso."

Suka zauna.

"Kwana goma sha tara ke nan da Hajja ta aiko in yi wa Kassim ƙaho, wai ciwon kai ya matsa masa. Na yi masa tsaga tara a ƙeya. Kun san hannuna. Tsagata kwana uku take rufewa, ko a jikin tsoho mai shekara tamanin. Yau bayan masallacin Juma'a na ce ya cire hula in gani."

Ya kalli tafin hannunsa.

"Duk taran suna nan a buɗe, kamar yanzu na ɗauke aska. Ba su ruɓe ba, ba su kuma tsiro jan nama ba. Ciwon da zai warke, ƙasansa ja yake yi, ka taɓa ya yi jini. Nasa fari ne fat. Sannan gashin kansa rini ne. Sama baƙi, saiwa fara sol. Yaron da ni na aske shi shekara talatin da biyu da suka wuce!"

Gwaggo Hadiza ta tafa hannu. "Ai na faɗa! Banza ba ta kai zomo kasuwa."

"Baba, wataƙila gajiya ce," in ji Ramlatu. "Kullum yana kan moto tsakanin nan da Dakusa..."

"Gajiya ba ta hana nama tsirowa. Na tambaye shi, ya ce lafiyarsa lau. Na tambayi Hajja, ta ce in ban iya aikina ba in faɗa." Nan muryarsa ta ɗan tashi, don da ma wanzami ba ya son jarfa. "Ni ban san karatun likita ba, amma na san jiki. Jikin da ke rufe ciwonsa lafiyayye ne, wanda ba ya rufewa akwai abin da ke cin sa. Na gaya musu, Juma'a uku na ba shi. In tsagar nan ta rufe, rana tana nan yadda aka sa. In ba ta rufe ba, ban ba shi ke ba, kuma Abdulmumin ya daɗe yana jira."

Ramlatu ta fashe da kuka. Ba ƙaramar yarinya ba ce, shekararta ashirin da bakwai, malama ce a lakwal, yara sittin suke miƙewa in ta shiga aji. Amma a gaban wannan tsoho kuka kaɗai ta iya.

"Ba ƙin ki nake ba, ɗiyata," in ji shi a hankali. "Na binne uwarki kina da shekara shida. Na san yadda abin yake."

*

Ranar Laraba da rana ba karatu. Yara suka watse, Ramlatu ta zauna kan benci a gindin dogon yaro na filin lakwal, har ta ji ƙarar moton Kassim, babur ɗin da yake zuwa Dakusa da shi. Ya sauka yana murmushi, hularsa ta sauko har wuya.

"Madam, an tashi lafiya?"

"Ya Kassim, me ka je yi Maroko?"

Murmushin ya gushe. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Sitaji."

"Wane irin sitaji ne ke sa mutum furfura? Don girman Allah kada ka yi min ƙarya yau. Shekara biyu na jure maganganun Hajja saboda kai. In ka yi min ƙarya yanzu, ban san me na jure dominsa ba."

Ya daɗe yana wasa da makullin moto. Da ya buɗe baki, ƙasa yake kallo.

"Ƙodata ta hagu aka cire. Ciwon daji ne."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"An cire ta, amma an ga ɗigo uku a huhu, ƙanana. Su ake tsarewa yanzu."

Ramlatu ta toshe bakinta da gefen mayafi. Hawaye na zuba, amma ba ta yi ƙara ba, don maigadin lakwal yana can bakin ƙofa.

"Bari in gaya miki yadda likitan ya gaya min," in ji Kassim. "Da ya ji ni malamin gona ne sai ya kawo min zancen lambu. Ya ce ƙari ba ya wuce girman ƙwayar gero in bai samu jini ba, kamar fangalin da ba a ja masa ruwa ba. To in ƙarin ya ji yunwa, sai ya riƙa sakin wani sinadari cikin jiki. Su suna kiransa da haruffa huɗu, VEGF, ni kuwa ɗan aike nake ce masa. Ɗan aiken nan in ya isa ga jijiyoyin jini na kusa, sai su tsiro rassa, su miƙo wajen ƙarin su ba shi abinci. Daga nan ya girma, ya kuma bi rassan ya bazu."

"Maganin fa?"

"Ƙwaya ce, kullum da safe. Ba ta kashe ƙarin. Jijiyoyin take toshe wa kunne, ɗan aike ya yi ta kira ba mai amsawa. Hoton da aka yi min a Yamai wata biyu da suka wuce ya nuna ɗigon suna nan yadda suke, ɗaya ma ya ragu."

"Alhamdulillahi. To ai maganin yana aiki."

"Yana aiki. Shi ya mayar min da gashi fari, shi ya ɗaga min tansiyon, hawan jini ke nan, har kai ya dame ni." Ya taɓa ƙeyarsa. "Kuma abin da ban gaya wa Hajja ba, ɗan aiken nan ba na ƙari ba ne shi kaɗai. Allah ya halitta shi don alheri. In kika yanke, shi ne ke kiran sababbin jijiyoyi su zo su cike wurin. Jan naman da Baba ke nema a ƙasan ciwo, su ne. Shi ne kuma ke shimfiɗa wa jariri hanyar jini a cikin uwa. Ƙari dai satar muryarsa ya yi. Maganin kuwa bai san na kirki da na banza ba, duk ya toshe."

Ramlatu ta juya maganar a ranta. Sai yanzu ta ga zurfin ramin da suke ciki.

"Likitan bai hana ka ƙaho ba?"

"Ya hana. Ya ce ko haƙori kada a cire min sai ya sani. Amma na dawo daga Dakusa na tarar Baba a zaure ya riga ya jiƙa ƙaho. In ce masa me? In ce surukina ya mayar da askarsa, ba zan zauna ba? Na ce tsaga ce 'yar ƙarama, me za ta yi."

"Jariri fa da ka ambata?"

Ya kawar da kai. "Muddin ina shan maganin, an ce kada a samu ciki. Ana tsoron ya taɓa yaron."

"Hajja ta san wannan?"

"Ta san ciwon. Wannan ban gaya mata ba. Jika take so ta gani, Ramlatu. Ni kaɗai ne namiji a ɗakinta."

To ashe nan gizo ke saƙa. Ramlatu ta gane komai. Ba don an ga tarbiyyarta aka sauko ba, don ana sauri ne, kuma ɗiyar wanzami ce kaɗai za ta ce to ba ta bincika ba. Ta so ta yi fushi, ta kalli wuyansa da ya zama siriri cikin riga, fushin ya ƙi zama.

"Me ya sa ka ɓoye min?"

"Tsoro. Na yi ta cewa gobe, gobe." Hawaye suka cika idonsa. "A asibitin can, da na farfaɗo, ba Hajja na fara tunawa ba, Allah ya yafe min. Ke na tuna. In kin ce kin fasa, wallahi ba zan ga laifinki ba."

"Wa ya ce maka na fasa? Da ƙoda ɗaya ko da rabi, kai na ce ina so." Ta share fuska. "Tashi mu je mu gaya wa Baba gaskiya. Shi ya fi kowa sanin jiki, zai gane."

"A'a!" Ya miƙe tsaye. "Mutumin da tsaga tara ta sa ya ɗaga magana, in ya ji daji fa? Ki yi min alkawari ba za ki faɗa ba."

"To in ba a faɗa ba, tsagar ba za ta rufe ba, Juma'a uku kuma kamar gobe ne."

"Allah yana nan."

"Ya Kassim..."

"Ki yi min alkawari, Ramlatu."

Ta yi masa. So ne ya sa, da tausayi, da kuma rashin sanin abin da za ta ce in ba haka ba.

*

Kwanakin suka yi ta tafiya, Ramlatu tana koyar da yara lissafi hankalinta na wani wuri. Gwaggo Hadiza kuwa ta samu abin yi. Ko miya aka zuba sai ta ce Abdulmumin malmala uku yake tashi da ita, ko ciwon kai bai taɓa yi ba.

Ranar Lahadi da yamma shi Abdulmumin ɗin ya zo da kansa, daga shagonsa na kayan moto a Zango, hannunsa duk baƙin mai, da ƙullin kilishi. Ya tsaya a zaure yana sosa kai.

"Ramlatu, ni fa ba na murna da ciwon kowa. Inna ce ke ta ɗaga murya. In Allah ya ba shi lafiya, ni zan fara zuwa ɗaurin aure."

"Na gode, Yaya."

"In kuma ba haka ba, ki sani ba za ki wulaƙanta a hannuna ba. Shi ke nan abin da na zo faɗa."

Da mugu ne da abin ya zo mata da sauƙi. Ta karɓi kilishin ta shiga ciki, ta zauna tana tunanin yadda Allah ke haɗa abu ɗaya ya zama magani ya zama cuta. Kullum bayan sallah tana roƙon tsagar ta rufe, sai kuma ta tsaya tsakiyar addu'a, don ta rasa wanne ya kamata ta roƙa. A ƙarshe ta koma cewa Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

*

Juma'a ta uku, bayan an sauko daga masallaci, Malam Suma'ila ya shigo gida da sallama mai ƙarfi, irin wadda aka daɗe ba a ji ba. Ƙwarya ce a hannunsa, cike da goro fari, an rufe da faifai.

"Ina Ramlatu? Fito, ɗiyata, fito ki ji!"

Ta fito daga ɗaki.

"Ta rufe! Duk taran. Na duba ɗaya bayan ɗaya, nama ja mai kyau ya cike su, fata ta hau. Har saiwar gashinsa ta fara fitowa baƙa. Kumatunsa sun ciko, ya ce ciwon kan ma ya tafi." Ya ajiye ƙwaryar yana dariya. "Ashe zargin yaron na yi a banza. Ga goron Hajja na tabbatar da rana. Na ba shi ke, Allah ya sa albarka."

Matar maƙwabci da ta shigo aron turmi ta rangaɗa guɗa. Gwaggo Hadiza ta ce Allah ya sa alheri da bakin da bai so ba, ta shige madafa.

Ramlatu ta tsaya kamar an dasa ta. Wannan ce maganar da ta yi shekara biyu tana jira, ga ta ta zo, amma jikinta ya yi sanyi tun daga tafin ƙafa. In jijiyoyi sun amsa kira a ƙeya, to sun amsa a huhu.

Ta koma ɗaki ta ɗauki waya. Bugu ɗaya ya ɗauka, muryarsa cike da murna.

"Amarya! Baba ya iso?"

"Kwana nawa?"

"Me?"

"Kwana nawa rabonka da ƙwayar?"

Ta cikin wayar tana jin hayaniyar mata a gidan Hajja.

"Ya Kassim, da kai nake."

"Ashirin. Tun washegarin da Baba ya kafa sharaɗi."

"Ranar da muka zauna a lakwal ka riga ka ajiye ke nan. Kana kallona kana cewa Allah yana nan."

"Na ɗan lokaci ne, Ramlatu. A ɗaura aure kawai in koma."

"Saura sati biyar a ɗaura! Kuma in an ɗaura, Baba zai fasa ganin kanka ne? Hajja za ta fasa ƙirga min watanni ne? Likitan ya sani?"

"Bai sani ba. Ki tuna kin yi min alkawari."

Ta kashe wayar. Ta zauna bakin gado, ta yi kukan da za ta yi, ba mai tsawo ba. Tana son sa, kuma ta san in ta buɗe baki ta rasa shi. Ta gyara ɗankwali ta fita.

Malam Suma'ila yana zaune yana ɓare goro. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, akwai magana. Na yi alkawari ba zan faɗa ba, yau zan karya, Allah ya yafe min."

Ta faɗa masa duka. Ƙodar da aka cire, ɗigo uku a huhu, ɗan aiken da ke kiran jijiyoyi, ƙwayar da ke hana su amsawa, maganar ciki da Hajja ba ta sani ba. Tsohon bai katse ta ba. Da ta zo kan jan nama sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Jan naman da na gani na yi murna, irinsa ne ke ciyar da abin da ke ƙirjinsa?"

"Shi ne, Baba."

"Kuma don ni ya ajiye maganin."

Goron ya faɗi daga hannunsa. Gwaggo Hadiza ta fito bakin madafa da ludayi, wannan karon ba ta ce komai ba.

"Shekara arba'in ina cewa na san jiki," in ji shi. "Ni na aske yaron nan ranar sunansa. Yau ni na sa shi ya kwance wa ajalinsa igiya, har ina yi masa barka." Ya share ido da hannun riga. "Kin san in na ji wannan maganar aure ta canja?"

"Na sani."

"Kuma kika faɗa."

"Gara in riƙa jin ƙarar motonsa yana wucewa, Baba, ko ba gidana zai tsaya ba."

Ya kalle ta. Sannan ya miƙe, ya sa hula.

"Zan je yanzu. A gabana zai kira likitansa, a gabana zai haɗiye abin da aka ce ya haɗiye, Hajja kuma za ta ji abin da ba ta so ji ba. Ciwo ba laifi ba ne, Ramlatu. Da ciwon ne kaɗai, wallahi yau da na ba shi ke, don na ga irin son da kike masa. Amma yaron da ya ajiye ransa saboda maganar wanzami, ranar da uwarsa ta ce jika, zai sake ajiyewa. Muddin kina ɗakinsa ba zai sha maganin nan ba."

"Baba, zan tsare shi, ni zan riƙa ba shi da hannuna..."

"Kwana ashirin ya ɓoye miki, kina ganin sa."

Ya sunkuya ya tsince goron da ya faɗi, ya mayar cikin ƙwarya, ya rufe da faifai. Ya ɗauki ƙwaryar ya fita da ita.

Ramlatu tana nan durƙushe har ƙarar takalmansa ta ɓace a lungu. Can cikin ɗaki wayarta ta fara ƙara, ta yanke, ta sake farawa. Ta san mai kiran, ba ta tashi ba.